Sunayen da Ake Kira a Gadar Jebba

Abin da na fara lura da shi a jikin Baba Tsoho, kakana na wajen uwa, shi ne faratansa. Ina ƙarama sosai ya miƙo mini gyaɗa a tafin hannu, sai na ga wani ja mai duhu a ƙarƙashin kowane farce, kamar lallen da ya tsufa. Na ruga ɗaki na gaya wa Kaka, matarsa, cewa mijinta yana ƙunshi a ɓoye. Ta yi dariya har da dafa bango.

"Lallen gada ne, 'yar nan," in ji ta. "Shi da gadar Jebba aka yi wa ƙunshi rana ɗaya. Ni daga baya na zo."

Ranar da ya rasu a gidansa na unguwar Muchia a Zariya, Kawu Babba ya ɗauko kananzir da tsumma ya yi ta goge faratan nan kafin a sa shi a akwati. Jan bai fita ba. Da ja aka binne shi.

Mutane sun zo gaisuwa fiye da yadda muka zata. Matan zumuntar coci sun cika tsakar gida da waƙa, maƙwabtanmu Musulmi suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, 'yan kasuwar Sabon Gari suna zuwa suna tafiya. Kusan kowa da fenti yake tuna shi. Ladanin masallacin layinmu ya ce ba don shi ba da tankin alwalarsu ya daɗe da ɓulewa. Wata bazawara daga Jushi ta ce wata rana ta dawo daga kasuwa ta tarar da mutum a kan rufin ɗakinta, ta kurma ihun ɓarawo, shi kuwa ko waiwayowa bai yi ba, sai cewa ya yi, "Yi ihun a hankali, baiwar Allah, kwanon nan ba shi da ƙarfi." Mai shayin bakin titi ya ce shi har yau bai yafe ba: teburinsa shuɗi ne mai kyau, ya tafi sallah ya dawo ya same shi ja. Yana faɗa yana dariya yana share ido da hular hannunsa.

Ana cikin zaman makokin sai ga Baba Direba ya shigo yana dogara sanda. Bayarabe ne haifaffen Sabon Gari, tsohon direban jirgin ƙasa, Hausar bakinsa ta fi tawa. Aka ba shi kujera ya ƙi zama. Ya gaisa da Kawu Babba, ya yi masa ta'aziyya, sannan ya ce, "To, wa ya karɓi sunayen?"

"Waɗanne sunaye, Baba?"

"Kada ka yi mini haka, ɗana, a gabana aka haife ka. Shi ya kira kowa. Shi wa zai kira shi?"

Kawu ya gyara zama. "Baba, an yi masa addu'a, fasto ya yi wa'azi, mun binne shi a idon jama'a. Me kuma ya rage?"

Baba Direba ya ci gaba da tsayuwa. Mama ta ga ya kamata ta ce wani abu. Ta nuna ni. "Ai ga wadda ta raka shi tafiyarsa ta ƙarshe. Tana wurin aka yi."

Idanu suka dawo kaina. Ina riƙe da tiren kofuna.

"Gajere," na ce. "Sai Ɗan Nufe."

"Yauwa. Sai wa?"

Na kalli kofunan. "Akwai wani mai sarewa."

"Shi can wajen ƙarshe yake, na tuna. Ni ban riƙe jerin ba, jikata, ni usur kawai nake busa musu in na hau gadar." Ya jira. Ban ƙara ko suna ɗaya ba. Ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "Ba komai."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Kaka tana ɗaki, ƙofa a buɗe, ta ji komai.

Bari in faɗi abin da yake nufi, don wanda bai san mu ba.

Baba Tsoho ɗan gada ne. Haka ma'aikatan reluwe suke kiran masu fentin babbar gadar ƙarfe da jirgi yake bi ya ƙetare kogin Kwara a Jebba. Aikinsu su rataya a kan katako da igiya, ruwa yana gudu can ƙasa, su kankare tsatsa su shafa jan fenti, daga wannan bakin har wancan bakin, in sun kai ƙarshe kuma farkon ya fara ci. Yana saurayi wani abokin aikinsu da suke kira Gajere ya faɗa kogin, ba a ga gawarsa ba. Ba kabari, ba jana'iza. Cikinsu akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai wanda ba ya ko ɗaya, suka rasa irin addu'ar da za ta haɗa su. Sai suka yi alkawari: duk wanda jirgi ya ɗauko ya hau gadar nan da shi, zai leƙa ta taga ya kira sunan Gajere da ƙarfi. Daga baya duk wanda ya mutu a cikinsu, ko a kan gadonsa ya mutu, sai a ƙara sunansa, bi da bi yadda suka tafi, suna ɗaya a kowane ginshiƙi. Ba sa rubutawa. Baba Tsoho yana cewa sunan da aka sa a takarda ya samu wurin kwanciya, ba zai ƙara tashi ba.

Ya bar aiki tun kafin a haife ni, amma hannunsa bai bari ba. Da makulli yake yawo a aljihu, in ya ga ƙarfe sai ya ƙwanƙwasa ya kasa kunne. In ya ce "Tana ciki," wato tsatsa, to gobe za ka gan shi da gwangwani da buroshi. Ƙofar gidanmu ja ce, gindin bokitai ja, murhun Kaka ja. Gicciyen ƙarfe na maƙabarta, na wanda ya sani da na wanda bai sani ba, duk ya bi su. Wata Lahadi dattawan coci suka same shi yana shafa wa ƙararrawa, suka yi masa magana, ya ce, "Ku je ku gaya wa tsatsa yau Lahadi, in ta tsaya ni ma zan tsaya." Da na samu jami'a zan koma Samaru, na sayi akwatin ƙarfe baƙi mai zanen furanni. Da safe na tashi na same shi ja tun daga murfi har ƙasa, yana bushewa a rana.

"Amarya, yanzu ko jikokinki sa gaje shi," in ji shi. Amarya yake kirana, wasan kaka da jika.

Na yi kuka kamar an yi mini mutuwa. A hostal kuwa 'yan ɗakinmu suka sa mini suna Motar Kashe Gobara. Ƙarƙashin gado na tura akwatin na rufe shi da zani. Yana nan har yau, ko ɗigon tsatsa babu.

A cikin akwatin nan nake ajiye littattafaina na soyayya, waɗanda nake haya a kasuwa da waɗanda nake saye. A lokacin nan duk abin da na sani game da so daga cikinsu na koya: kallo ɗaya, zuciya ta buga, a yi ta kalamai masu zaƙi har shafi ya ƙare. Da wannan ma'aunin na auna kakannina na ga ba su kai ba. Ban taɓa jin ya ce mata kalma mai taushi ba. Mai Tuwo yake kiranta. Ita kuwa, kamar matan zamaninta, ba ta taɓa kama sunansa ba, ko a gabansa ko a bayansa. "Mutumin nan" take cewa, in ta ji daɗi ta ce "Baban yara." Akwai wani mai gyaran keke a layinmu takwaransa, shi ma ba ta kiran sunansa, sai dai "Mai Keke." Ko a coci in karatu ya biyo ta kan sunan, sai ta yi tari ta tsallake.

Na taɓa tambayarta yadda suka haɗu, na gyara zama ina jiran labari. Ta ce innarta ce take dafa wa 'yan gada abinci a Jebba, ita kuma tana taya ta. "Ya zo cin tuwo ya ɓata mana kwano da fenti. Na zage shi. Gobe ya dawo ya ɓata wani."

"Shi ke nan?"

"Me kike so kuma? Kwanoni sun kusa ƙarewa, dole a yi wani abu."

Rigimarsu ɗaya ce wadda ba ta tsufa, ita ce ta kiran sunayen nan. Kaka mace ce mai riƙe da addini, tana ganin abin bai dace da mai bi ba. Na ji su wata rana, tana tankaɗe yana wanke buroshi.

"Matattu suna hannun Ubangiji, ba sa cikin ruwa. Kana dattijo kana ihu ta taga kamar mai tallar rake."

"Na san inda suke, Mai Tuwo."

"To wa kake kira? Ba sa ji."

"Ba don su ji nake yi ba. Da gada nake. Kada ta ɗauka ita ta tsai da kanta."

"Ƙarfe yana da kunne?"

"Ya fi na wasu."

Ta jefe shi da marfin kwano, ya cafe, ya juya shi ya ƙwanƙwasa da makulli ya ce, "Tana ciki."

Ina aji biyu a jami'a labari ya zo cewa na ƙarshe a cikin abokan aikinsa ya rasu a garinsu. Saura shi kaɗai. Ya ce zai je ya kira shi. A shekarun nan jirgin fasinja ya zama abin sa'a, wani mako ya zo, wani mako shiru. Kawu Babba ya ce a ɗauke shi a mota, akwai gadar motoci a Jebba, ya kira daga can. Ya ce shi bai taɓa shafa wa gadar motoci ko buroshi ɗaya ba, ba ta san shi ba. Aka ce to ba zai tafi shi kaɗai ba. Malamai suna yajin aiki, ina zaune a gida, na ce ni zan raka shi. Kowa ya yaba mini. Ni kuwa abin da yake raina daban: a littattafaina, cikin jirgi ake haɗuwa. Na ɗauki mayafina mai kyau da turare da sabon littafi.

Taragun da muka samu a tashar Zariya na gwanjo ne, an sayo su daga wata ƙasa mai sanyi bayan mutanen can sun gama da su. Akwai rubutun harshensu a jikin bango wanda ba mai iya karantawa, akwai bututun ɗumama ɗaki a ƙarƙashin kujeru, a ƙasar da muke neman iska. Tagogin manya ne, gilashi mai kauri, amma a liƙe suke. Can sama kawai akwai ɗan marfi siriri da ake turawa. Baba Tsoho ya ƙwanƙwasa bangon taragon ya ce ƙarfen kirki ne, an yi masa adalci a ƙuruciya. Sannan ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon marfin nan. Ban kawo komai a raina ba.

A Kaduna wani saurayi ya shigo ya zauna yana fuskantarmu. Dogo, farar riga, agogo, da ɗan gemu da aka gyara. Ya ce mini sannu, ya kalli bangon littafina ya yi murmushi. Kafin mu kai Minna na riga na zaɓi kalar ankon bikinmu. Jirgin ya yi ta tsayawa a daji ba dalili, zafi ya cika taragon, yara suna kuka, wata mata tana fifita da murfin kula, ni duk ban ji ba. Ya ce yana karatu a Ilori. Ya ba ni lemo. Na ɓare shi a hankali yadda na karanta ana yi. Baba Tsoho yana gefe yana gyangyaɗi, ko kuwa na ɗauka gyangyaɗi yake, don leɓɓansa suna motsi.

Da hantsi jirgi ya rage gudu, ƙarar ƙafafunsa ta canza, ta zama mai amo kamar ana buga ganga a cikin rijiya. Itatuwa suka ja baya, sai ga ruwa, faɗinsa ya fi ƙarfin idona, da kwale-kwale ƙanana kamar ɓawon gyaɗa. Na buɗe baki zan ce wa saurayin wani abu game da kogi da zuciya, na ma shirya jimlar. Sai na ga Baba Tsoho ya cire takalmi.

Ya taka kujera ya hau. Tsoho mai furfura, da babbar rigarsa ta zuwa coci, ya miƙe a kan kujera yana rawar ƙafa, ya tura marfin sama, ya karkata wuya ya cusa bakinsa a ɗan ramin, bayansa yana fuskantar jama'ar tarago gaba ɗaya.

"Amarya, riƙe mini ƙafa!"

Wani ya fashe da dariya. Mai duba tikiti ya taho yana haɗawa da Turancin kasuwa, "Baba, sidon! Sauko, za ka faɗi!" Na ji fuskata ta ɗauki zafi har kunnuwa. Jikina ya ƙi tashi. Na ɗaga littafin na kare fuskata da shi.

"Gajere!"

Ban taɓa sanin yana da murya irin wannan ba. Ginshiƙi ya wuce ta taga, ja mai duhu, irin na faratansa.

"Ɗan Nufe!"

Ta gefen littafi na ga saurayin ya tashi, ya rungume gwiwoyin tsohon da hannu biyu, kumatunsa a jikin babbar rigar, farar rigarsa tana shan ƙurar kujera. Sunaye suka ci gaba da fita. Dariya ta mutu. Matar nan mai murfin kula ta fara cewa "Amin" bayan kowane suna, ba ta san ko su waye ba, wasu suka bi ta. Mai duba tikiti ya tsaya da hularsa a hannu. Ni kuwa idona yana kan layi ɗaya na littafin, ina karanta shi ina sake karantawa, ba abin da nake ji sai bugun jinina da roƙon da nake yi gadar ta ƙare. Har yau ina iya kawo layin nan da ka, kalma da kalma. Wata yarinya ce take gaya wa masoyinta ba za ta taɓa barinsa ba.

Da muka sauka daga gadar saurayin ya sauko da shi a hankali ya sa masa takalmi. Baba Tsoho yana haki, idonsa ya yi ja. Ya dafa kaina ya ce, "Amaryata boko ya yi mata yawa, ko a kan Kwara karatu take." Da fara'a ya faɗa, har da alfahari. Bai taɓa tayar da maganar ba, ko a hanyar dawowa, inda muka shigo mota saboda ba a san ranar da jirgi zai juyo ba.

A tashar Jebba muka sauka. Saurayin ya miƙo mana jakarmu ta ƙofa. Ya durƙusa ya gaishe da Baba Tsoho, ni kuma ya ce mini, "Ki kula da shi." Bai tambayi sunana ba. Ban ƙara ganinsa ba.

Wannan ita ce tafiyar da Mama take nufi a ranar makoki, da ta ce ina wurin aka yi.

Bayan an watse na yi ta nema. Na tambayi Mama, ta ce ita tana jin abin tun tana yarinya amma ba ta taɓa sa kunne ba. Kawu Ƙarami ya tuna wani Sarkin Barci saboda sunan yana ba shi dariya. Na je kwatas ɗin reluwe na bi tsofaffi, kowa ya san ana kira, ba wanda ya san jerin. Kaka kaɗai ban tambaya ba. Na san ra'ayinta, kuma ina jin nauyin in tsaya a gabanta in ce ban ji ba. Daga nan ma jirgin fasinja ya daina zuwa gaba ɗaya. Ciyawa ta rufe layin, awaki suna kwana a kai, masu kayan miya suka baza tumatir a tsakanin ƙarafa. Na ce wa kaina ko da na riƙe sunayen, da wane jirgi zan je? Wannan ya ɗan rarrashe ni, amma ba ya daɗewa. Duk sanda na ja akwatina daga ƙarƙashin gado sai in ji muryar Baba Direba: shi wa zai kira shi?

Shekaru suka wuce. Na gama karatu, na yi aure, na fara koyarwa a wata makaranta a Samaru. Mijina mutumin kirki ne wanda bai iya kalamai ba, a layin famfo muka haɗu. Baba Direba ya rasu. Sai wata shekara aka gyara layi, jirgi ya dawo. Ranar da usur ɗinsa ya sake tashi a Sabon Gari, yara suka bi shi da gudu, tsofaffi suka fito ƙofar gida. Da yamma na je Muchia gai da Kaka. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya fara hazo. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ki nemo mana tikiti."

"Zuwa ina, Kaka?"

"Kin san inda jirgi yake zuwa."

"Ba ke kika ce abin bai dace ba?"

"Har yanzu bai dace ba. Ki nemo kusa da taga."

Na durƙusa a gabanta, na ce mata abin da ban iya faɗa ba tun ranar makoki, cewa ko mun je ban san abin da zan kira ba.

"Wa ya ce ke za ki kira?" in ji ta. "Ke da kike karatu."

Ashe Baba Tsoho ya gaya mata. Ban san da wace murya ya faɗa ba, ban kuma tambaya ba.

Wannan karon tagar tana buɗewa. Kaka ta yi tafiyar a zaune cif, jakarta a cinya. Da ƙarar ƙafafun jirgi ta canza, ta kama hannuna ta miƙe. Na riƙe ƙugunta da hannu biyu. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta fitar da kai, iska ta ɗaga mayafinta.

"Gajere!" Muryarta siririya ce amma ta fita. Sai ta ƙara a ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da kanta, "Mai son ƙanzo."

"Ɗan Nufe! Kullum miya ba gishiri."

"Kalaba! Shi da barkono."

"Baban Biyu! Sai ya rage ya kai gida."

"Sarkin Barci! Nasa ake rufewa a ajiye."

Ashe da kwanoninsu ta riƙe su. Ita ta zuba musu tuwo suna samari, ita ta ji labarin mutuwar kowanne a bakin mijinta, ta yi masa faɗa, ta kuma ajiye. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Alhaji Ƙarami, Ɗan Tibi, Mai Sarewa, da sauransu, ginshiƙi yana wucewa suna yana fita. Ni kuma ina maimaitawa a bayanta, bakina a jikin zaninta, ina cusa kowanne a kaina kamar mai ɓoye abin da za a ƙwace.

Ta kira na ƙarshen da Baba Tsoho ya je kira a tafiyarmu. Sai ta yi shiru.

Ginshiƙi ya wuce ba suna. Wani ya wuce. Na hango bakin kogi yana matsowa, da jar ƙasa da rumfunan masu kifi. Ba ta dawo da kanta ciki ba. Sai a lokacin na gane abin da ya tsai da ta. Na ce, "Kaka, bari ni in kira."

"Rufe mini baki."

Ta ja numfashi. A kan ginshiƙin ƙarshe ta kira sunan mijinta, sunansa na yanka, wanda ba ta taɓa furtawa ba tun ranar da ya ɓata musu kwano. Ba ta ƙara masa komai a kai ba, ba ƙanzo ba barkono. Ƙarar ƙarfe ta cinye rabinsa, amma na ji.

Ta koma kujera ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, kamar yarinyar da aka kai ɗaki yau. Mutanen tarago suna kallonmu. Ni ma ina kallonta, hawaye yana zuba, na kasa ɗauke ido. Duk littattafan da na ɓata ƙuruciyata a kansu, ba wanda ya gaya mini ana iya ajiye suna ɗaya a baki tsawon rai, a kashe shi sau ɗaya kamar kuɗin ajiya.

Daga cikin mayafin ta ce, "Ke kuma me kike kallo? Ba ki zo da littafi ba?"

Kaka tana nan da rai a Muchia. Ba ta gani sosai yanzu, ba ta fita sai coci. In na je sai ta sa ni in jero mata 'yan gada, in na sa Kalaba a gaban Ɗan Nufe ta buge ni da mafici. In na iso na ƙarshe sai ta kau da kai ta shiga gyaran ɗankwali har in wuce. Ta koma cewa "mutumin nan," kamar ba a yi komai ba. Har yau in an yi zancen a gaban matan zumunta, cewa take abin bai dace ba.

Kwanan baya na roƙe ta ta sake faɗa mini sunan sau ɗaya, don ƙarar jirgi ta hana ni ji da kyau.

"Na faɗa wa wanda ya kamata ya ji," in ji ta.

"Ba ke kika ce matattu ba sa ji ba?"

Ta lalubo maficinta ta fara fifita.

"Da gada nake."